Motar Saura Kaɗan

Garejin Saura Kaɗan yana ƙarshen layinmu, daidai inda kwalta ta gaji ta bar wa ƙasa. Rumfar kwano ce, da ramin shiga ƙarƙashin mota, da wani dogon benci da baƙin mai ya rina har ba a gane asalin katakon. Mai garejin kuwa, tun da mahaifiyarsa ta rasu ban ƙara jin wanda ya kira shi da sunansa na gaskiya ba. Ka kawo masa mota da safe, ka dawo da yamma ka tambaya, zai leƙo daga ƙarƙashinta da sifana a hannu ya ce, "Saura kaɗan." Har matarsa, in za ta aika a kira shi cin abinci, cewa take a duba mata ko Saura Kaɗan ya ƙarasa.

Amma fa ya iya aiki. Da kunne yake gane ciwon mota, tun tana kan titi kafin ta shigo rumfa. Yana ƙarami ya shiga sana'ar, a hannun wani kawunsa mai saurin aiki da saurin mari. Abin da ya ɗauko a wurin kawun nan, ban da aikin kansa, shi ne ba a barin mai mota tsaye a kanka yana duba agogo. Ko ta halin ƙaƙa a sallame shi ya kama hanya. Ya riƙe wannan har gashinsa ya yi fari, kuma mutane da yawa sun ci moriyarsa.

A kan bencin nan muke zama da yamma, mu uku, shi na huɗunmu yana kwance a ƙarƙashin mota yana sa mana baki daga can. Akwai ni, da na yi aiki a ofishin ruwa har na ajiye, Malam suke ce mini. Akwai Mai Kemis, mai shagon magani a bakin titi, wanda bakinsa bai san hutu ba. Sai Tela, wanda ya girme mu duka, Yaya muke ce masa. Mutum ne mai sanyin magana, mai son launi. In ka kawo masa yadi ka ce shuɗi ne, sai ya ɗaga shi a rana ya tambaye ka wane shuɗin.

Tela yana da labari guda da ba ya gajiya da ba mu. Yana saurayi ubangidansa ya aike shi wani gari mai nisa ya karɓo keken ɗinki, ya dawo a bayan babbar mota da aka rufe ruf da tamfol. A wani wuri sai ya ji hanya ta fara hawa dutse tana lanƙwasa. Ya sami wata 'yar yaga a jikin tamfol ɗin, ya sa ido. Kwari ya gani can ƙasa, mai zurfi, kogi yana ratsa shi kamar zare, ga gajimare a ƙasan motar maimakon samanta. Kafin ya gyara zama direba ya sha kwana, an wuce.

"Da ido ɗaya fa ya gani," Mai Kemis kan ce, "amma ya ƙarar mana da kunne bibbiyu."

"Ba ka gani ba ne," Tela kan ce, ba ya ƙarawa.

A kan wannan labari muka ƙulla cewa wata rana za mu je, mu huɗu, a motarmu ta kanmu. Mu tsaya inda muka ga dama, mu sauka mu kalla har mu ƙoshi, ba direban haya da zai danna mana hon. Magana ce irin ta bakin benci, da a nan za ta tsaya. Sai wani likitan dabbobi da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar wa Saura Kaɗan tsohuwar motarsa kyauta, doguwa mai faɗin baya, ta daɗe ba ta tashi ba.

Saura Kaɗan ya sauke injin ya wanke shi gaɓa-gaɓa. Ya yi mata fenti. Tela ya ɗinka wa kujerun riga, ya ɗinka wa ita kanta babban mayafi saboda rana. Ganin kullum tana lulluɓe a kusurwar rumfa ba ta fita, Mai Kemis ya sa mata suna Amarya, sunan kuwa ya bi ta.

Ana cikin haka 'yar Tela ta kai shi asibitin ido, domin ya fara tuntuɓe da abin da ke gefensa. Da yamma ya zo ya zauna a mazauninsa, ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Likita ya ce hasken yana janyewa ne daga gefe-gefe," ya ce. "Abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Maganin zai rage masa gudu ne kawai." Ya daina murza hular. "Ya ce in akwai abin da nake son gani, kada in yi ta ɗagawa."

Muka ji an ajiye ƙarfe a ƙarƙashin mota, Saura Kaɗan ya fito yana goge hannu.

"Bana za mu je, Yaya. Da zarar ruwa ya ɗauke, ciyawa tana kore."

Na san har zuciyarsa ya faɗa. Ban taɓa shakkar wannan ba, har yau.

To, akwai wani abu da bakanike kan yi wanda ba ya ɗauka a bakin komai. In aka kawo mota, abin da ya mutu a jikinta babu shi a kasuwa ranar, ga kuma irinta a ajiye a rumfa, sai a ciro na wadda ke ajiye a ɗaura wa mai sauri. In nasa ya samu a mayar. Aro ake ce masa. Motocin irin Amarya kuwa sun cika gari a lokacin, masu haya da masu ɗaukar kaya duk su suke ja. Kuma duk garin babu wadda kayan jikinta suka kai na Amarya lafiya.

Da farko ƙananan abubuwa ne. Yau fitila, gobe madubi, jibi batir ya kwana a motar wani ya dawo. Ba mu damu ba. Ruwa ya ɗauke, muka sa rana. Mai Kemis ya haɗa akwatin magani kamar za mu yaƙi, ni na sayi hular sanyi, Tela ya ɗinka mana riguna masu kauri domin ya ce can sama akwai iska.

Ana gobe tafiya wani mai fataucin tumatir ya turo motarsa rumfar, lagireto ya fashe, ruwa na zuba, kwanduna cike a baya rana tana dukansu. Mutumin ya tsaya a kan Saura Kaɗan yana salati yana duba agogo. Ina zaune na ga ya dubi mutumin, ya dubi kusurwar rumfa, ya sake duban mutumin. Sai ya tashi ya yaye mayafin Amarya.

"Kai, ƙanena," in ji Mai Kemis, "gobe fa ne."

"Kasuwa kawai zai kai ya dawo. Kafin magariba yana nan."

Bai dawo da magariba ba. Daga kasuwa ya sami lodi zuwa wani gari, daga can zuwa wani. Ba macuci ba ne, ya dawo daga baya da godiya da kwandon tumatir, amma lokacin ciyawa ta bushe, Mai Kemis ya kwance akwatinsa, ni kuma an kwantar da matata a asibiti. Aka ce sai baɗi.

A nan ne na kawo shawarar mu shiga motar haya. Na ce ko shata ce mu ɗauka, mu gaya wa direba ya tsaya mana a wurin. Saura Kaɗan ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

"Malam, ina raye, ina da hannu, a ce Yaya ya shiga motar wani? Motar da ban san birkinta ba, a kan dutse?"

"Birkin taka fa, yana jikin wa yau?" in ji Mai Kemis.

Muka yi dariya, har da shi. Na juya wajen Tela, don maganarsa ce za ta raba. Ya shafa gemu.

"Ni na ɗinka wa kujerun nan riga," ya ce. "A kansu zan zauna. Ku bar yaron nan ya gama aikinsa."

Yaron da yake nufi yana da jika a lokacin. Haka Tela yake. Bai iya tura mutum ba, ko da shi ne a kan gaba wajen asara.

Baɗi ta zo, Amarya ba ta cika ba. Labari ya riga ya bazu cewa a rumfar Saura Kaɗan ba a rasa kaya. Mai haya ya zo da kukan yara ba su ci ba, a ciro masa famfon mai. Malamin makaranta ya zo zai kai mahaifiyarsa asibiti, a ciro masa abin tayar da inji. Kowanne da dalilinsa, kuma ban ga wanda dalilinsa ƙarya ne ba. Wasu sun mayar. Wasu sun manta, shi kuma kunya ba ta barinsa ya tambaya. In ya sayo sabo ya ɗaura, kafin mako wani ya zo ya tsaya a kansa.

Wata rana matarsa ta kawo masa abinci da kanta, ta ajiye kwanon a bakin rami, ta gaishe mu.

"Malam, ku da kuke abokansa ku yi masa magana. Ɗazu na ga ƙafafun Amarya a jikin motar mai biredi."

"Aro ne," ya amsa daga cikin rami.

"Baban yara, ni ma da ana kwance ni da sifana, da tuni ka ba da aron hannuna."

Mai Kemis ya yi dariya har ya ƙware. Na waiga kusurwa. Mayafin yana nan a lulluɓe tsaf, sai dai ya ɗan sauka ƙasa, domin a kan duwatsu motar take zaune.

Tela bai taɓa yin ƙorafi ba. Amma mai zama kusa da shi yana ganin abubuwa. Ya fara miƙo mini allura in zura masa zare, yana cewa hannuna ya fi nasa tsayawa. Ya daina karɓar ɗinkin baƙin yadi. In zai zo benci yana bin jikin katanga ne, yatsunsa suna shafar bango kamar mai neman inda fenti ya tashi. In mutum ya yi masa sallama daga gefe, sai ya juyo da dukkan jikinsa. Duk lokacin da ruwa ya ɗauke yakan tambaya sau ɗaya, cikin sanyin murya, "Yaya Amarya?" A ba shi amsar da aka saba, ya ce Allah ya taimaka.

Saura Kaɗan kuwa yawancin yininsa a ƙarƙashin mota yake. Daga can ƙafafun mutane kawai ake gani.

Abin da mu muka kasa faɗa masa, rigar aikinsa ce ta faɗa. Ta yage a gwiwa, ya aika wa Tela ya yi mata faci kamar yadda suka saba. Da yamma Tela ya kawo ta a ninke, ya miƙa masa yana cewa ya sa mata yadi mai ƙarfi, wannan karon sai dai ƙarfe ya gaji. Saura Kaɗan ya warware ta a gabanmu. Facin yana nan, ɗinki mai kyau, layi a miƙe, hannu ya san aikinsa. Sai dai a gefen yagar aka ɗinka shi. Yagar tana nan a buɗe yadda take.

Ya daɗe yana kallonta. Mai Kemis ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

"Ya yi?" in ji Tela.

"Ya yi, Yaya. Na gode."

Ya sa rigar a haka. Washegari, karo na farko tun da na san shi, ya ja kwano ya toshe bakin rumfa ranar aiki. Ya hau kekensa da akwatin sifana a baya, ya shiga gari neman kayansa. An gan shi a tasha ya tare mai haya da fasinja a ciki, ya buɗe gaban mota yana kwance abu, mutumin yana rantsuwa yana ba shi haƙuri. An gan shi a ƙofar gidan biredi da jak. Mutumin da bai taɓa iya cewa a'a ba, a 'yan kwanakin nan ya ɓata da rabin masu motar garin. Wani ya ce masa ai ya zaci kyauta ce. Shi dai ya ci gaba da kwancewa. Abin da bai samu ba ya sayo. Bai ɗauki lokaci mai tsawo ba, wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Da ya sa kansa, Amarya ta sauka daga kan duwatsu kafin wata ya ƙare.

Muka tashi da sassafe. 'Yar Tela ta rako shi har bakin mota, ta ba ni maganin ɗigawa a ido, ta ja ni gefe.

"Kawu, kada ku bar shi ya sauka shi kaɗai. Ba ya son a sani, amma haske da duhu kawai suka rage masa."

Aka ba shi kujerar gaba. Ya shafa rigar kujerar da tafin hannu, ya bi ɗinkin da yatsa har ƙarshe, sannan ya zauna.

Hanya ce mai kyau, ba zan ɓoye ba. Mun ratsa gonaki da ba a ganin iyakarsu. Mun tsaya garken shanu ya ƙetare, mun hau wata doguwar gada da masunta suke shanya taru a ƙarƙashinta. Mun sha shayi a wani ƙauye inda mai shayin ya rantse ya taɓa ganin Mai Kemis a gidan yari. Mai Kemis bai rufe baki ba tun daga gida, komai ya gani sai ya faɗa da ƙarfi kamar mai tallar magani: ga wata bishiya ta yi jajawur, ga mata suna wanki a bakin rafi, ga wani jaki ya fi Malam ƙiba. Na gane dalilinsa, ban hana shi ba. Tela yana ta cewa, "Na gani. Ƙwarai kuwa." Ya sauke gilashi ya fitar da hannu iska tana dukansa.

Saura Kaɗan kuwa hankalinsa yana kan tuƙi. Ya karkata kai gefe guda yana sauraron inji, hannu biyu a kan sitiyari.

Muka kwana a wani masauki, washegari da hantsi duwatsu suka taso a gabanmu. Tela ne ya fara sani.

"Mun fara hawa," ya ce. "Kunnena ya toshe. Haka ya yi mini wancan karon."

Hanya ta yi ta lanƙwasa, iska ta yi sanyi, muka sa rigunan da ya ɗinka mana tun shekarar farko, duk sun ɗan matse mu. Sai ga kwari ya buɗe a hannun dama. Muka sha kwana ya ɓace, muka sake shan wata ya dawo. A nan ne wani abu ya faɗo mini da ban taɓa tunaninsa ba. Lanƙwasar ba ɗaya ba ce, suna da yawa, kowacce da nata kwarin. Wanda ya san ainihin wurin kuwa mutum ɗaya ne a motar.

Saura Kaɗan ya zaɓi inda gefen hanya ya fi faɗi, ya tsaya. Ya zagayo ya buɗe wa Tela ƙofa, ya riƙe masa gwiwar hannu kamar don tsakuwar da ke wurin, ya kai shi bakin ƙarfen da aka kafa. Ya juya shi a hankali har fuskarsa ta dubi kwarin.

"Nan ne, Yaya?"

Tela ya buɗe ido sosai. Iska tana kaɗa masa riga.

"Ku za ku gaya mini," ya ce.

Mai Kemis ya ja numfashi zai fara, Tela ya ɗaga masa hannu.

"Kai ka yi naka tun jiya. Bari direbanmu ya faɗa. Ƙanena, me ke ƙasa?"

Ban taɓa ganin Saura Kaɗan ya tsaya yana kallon abin da ba inji ba sai ranar. Ya kama ƙarfen da hannu biyu.

"Akwai kogi."

"Siriri?"

"Siriri. Yana ƙyalli."

"Gajimare fa?"

"Yana nan. Yana ƙasa da mu, Yaya, yadda ka ce."

"Ka ji ko, Mai Kemis?"

"Na ji, Yaya. Na gani ma. Na janye duk abin da na faɗa."

Tela ya yi murmushi. Ya ɗan matsa gaba, Saura Kaɗan ya ƙara riƙe shi.

"Gangaren fa, wane launi ne?"

"Kore."

"Wane koren?"

Saura Kaɗan ya duba. Ya daɗe yana dubawa, leɓensa yana motsi. Ni ma na duba, na ga kore iri-iri, wani mai duhu a ƙasa wajen ruwa, wani mai haske inda rana ta sauka, wani kamar an zuba masa toka. Ban san sunan ko ɗaya ba. A cikinmu mutum ɗaya ne ya san sunayensu.

"Kore dai, Yaya," ya ce daga ƙarshe.

Tela ya gyaɗa kai. Ya tsaya nan wani ɗan lokaci, fuskarsa a sama kaɗan, ba daidai inda kwarin yake ba. Babu wanda ya danna mana hon. Shi da kansa ya ce sanyi ya fara shiga masa ƙashi, mu koma.

Muka fara gangarowa, taya tana ƙara a kan kwalta. Tela ya kwantar da kai a jikin kujera. Can ya miƙa hannu ya lalubi kafaɗar Saura Kaɗan ya dafa.

"Tun daga gida motar nan ko tari ba ta yi ba," ya ce. "Ka iya aiki, ƙanena. Allah ya yi maka albarka."

Saura Kaɗan ya ci gaba da tuƙi. Muka ɗan ƙara tafiya, sai ya rage gudu ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Ya ce yana jin wata ƙara a inji. Ya fita ya ɗaga murfin gaba, murfin ya tare shi ba ma ganinsa.

Ni ban ji wata ƙara ba. Muka jira. Ba mu ji motsin sifana ba, ba mu ji an taɓa ƙarfe ba. Da abin ya yi tsawo Mai Kemis ya kama hannun ƙofa zai fita.

"Zauna," in ji Tela. "Ƙyale shi ya duba."